Kwalbar sitem sel da gwiwar Kawu: yadda wani ciniki ya watse a Kumasi

Kawuna fataken goro ne, gidansa na unguwar Aboabo a Kumasi, ya fi shekara arba'in yana ɗaure huhu yana turawa arewa. Shekarunsa 68. Gwiwarsa ta dama ta shekara shida tana cinsa, kuma hoton ƙashi ya nuna guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya zaizaye, irin zaizayar da tsufa da nauyin jiki ke kawowa. Zafin bai dame shi ba kamar kujerar roba da yara ke ajiye masa a gefen sahu. Mutumin da ya saba sahun gaba, yau ga shi yana sujada da nuni. Yana kuma da niyyar komawa Makka, ya ce ba ya son a tura shi a keke wajen ɗawafi.

Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce, aikina jini da shuka ƙwayoyin cuta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana uwata. Wannan sunan ne ya ba ni bakin magana a lamarin, ba takardar makaranta ba.

Tayin da aka yi masa

Wani abokin zamansa ne ya turo masa bidiyo ta WhatsApp. Wani asibitin kuɗi a cikin gari yana allurar sitem sel, wato ƙwayoyin halitta na tushe masu iya rikiɗa su zama wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki, wai tana tsiro da sabon guringuntsi. Kawu ya je, aka karɓe shi hannu bibbiyu, aka ce allura uku za a yi cikin gwiwar, wata guda tsakani. Ƙwayoyin daga igiyar cibiyar jarirai aka samo su, an reno su a wani kamfani a ƙasar waje, an kawo su a daskare. Kuɗin ba kaɗan ba ne, ya ci wani kaso mai tsoka na abin da ya tara don Hajji. Kafin labarin ya iso kunnena ya riga ya ba da kashi ɗaya bisa uku kafin alƙalami.

Ya miƙo mini ƙasidar tallar yana murmushi. "Uwata, duba nan. Wanda ya ƙirƙiro abin har kyautar Nobel ya ci." Hoton Shinya Yamanaka ne a shafin farko.

Gaskiya ne Yamanaka ya ci kyautar a 2012 tare da John Gurdon. A 2006 ya nuna za a iya ɗaukar ƙwayar fatar ɓera a mayar da ita tamkar ta ɗan tayi, mai iya zama kowane sashe na jiki, a 2007 kuma ya yi haka da ta mutum. Sai dai abin da ke cikin kwalbar da za a tsira wa Kawu ba shi da dangantaka da wannan aiki. Ƙwayoyin igiyar cibiya wani jinsi ne dabam, ana kiransu mesenkaimal. A faranti suna iya rikiɗa su zama ƙashi ko kitse ko guringuntsi, iyakarsu ke nan, kuma suna tsufa in aka yi ta renonsu. Hoton an liƙa shi ne don ado. Ban ce masa a fasa ba. Na ce a ba ni mako biyu, kuma a nemo mini takardar shaidar gwaji ta kwalbar da za a yi masa amfani da ita.

Abin da takarda ya kamata ta faɗa

Magani irin na ƙwaya, ko farasitamol ne, ana iya ɗaukar guda a narka a auna a san abin da ke ciki. Sitem sel abu ne mai rai. Yana ci, yana hayayyafa, yana canzawa, yana kamuwa da cuta, kuma ba a iya dafa shi ko tace shi don kashe ƙwayar cuta, domin dahuwar za ta kashe shi, matatar kuma za ta tare shi tare da cutar. Saboda haka ingancinsa duka ya rataya ne a kan tarihinsa: daga jikin wa aka ɗauko, wa ya rene shi, da me aka ciyar da shi, sau nawa aka raba shi, wane sanyi ya kwana a ciki. Da nake wa Kawu bayani, isnadi na kawo masa. Ruwaya ko ta yi daɗin ji, in aka rasa mutum ɗaya a silsilar, malamai ba sa ɗaukarta da ƙarfi. Ya gyaɗa kai, amma fuskarsa ba ta sake ba.

Inda ake yin abin bisa ƙa'ida, ana fara wa da mai bayarwa: yardarsa a rubuce, da gwajin jininsa na cutar ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Daga nan a reno ƙwayoyin su yi yawa, a daskarar da kwalabe masu yawa a lokaci guda. Wannan shi ne uwar rumbu, kuma a kansa ake yin gwaje-gwaje mafi tsanani. Daga kwalba ɗaya ta uwar rumbu ake fitar da ƙaramin rumbu na aikin yau da kullum, daga shi kuma ake fitar da rukunin da zai je wa majiyyata. Kowane rukuni da lambarsa. Ingila ta kafa rumbun sitem sel na ƙasa tun 2003 don irin wannan aiki. Hikimar ita ce, duk ranar da matsala ta ɓullo a jikin majiyyaci, a iya bin sawu baya har a kai ga kwalbar farko.

Takardar ta iso bayan kwana tara, hoto ne na shafi ɗaya, da tambari da sa hannu. Na buga ta a takarda na zauna da biro.

Gwajin mai bayarwa yana nan, duka huɗun, na ba su wannan. Gwajin bakteriya da naman gwari ma yana nan, irin wanda ake shukawa a jira kwana 14. Daga nan sai ramuka.

Babu layin maikofilazma. Duk wanda ya taɓa renon ƙwayoyi ya san wannan ƙaramar annoba. Bakteriya ce marar bango, ƙanƙanuwa har tana bi ta matatar da ke tare sauran, fenisilin ba ya taɓa ta domin bangon da yake rushewa ba ta da shi, kuma ruwan renon ba ya gurɓacewa balle ido ya gani. Faranti zai yi kyau sumul alhali ciki ya cika da ita. A nan ne karo na farko Kawu ya riga ni. "Sankara ke nan," in ji shi. Goro ja jawur a waje, ka fasa ka tarar tsutsa ta gama da cikinsa, kuma guda ɗaya yana lalata huhu. Gwajinta na shuka yana cin kwana 28, akwai kuma na gaggawa da ke neman ƙwayar gadonta. Ko ɗaya ba a ambata ba. Haka nan babu awon endotoksin, dafin da gawar bakteriya ke bari, wanda ke kawo zazzaɓi da kumburi ko da bakteriyar ta mutu.

Wannan ba tsoro ne na cikin littafi ba. A 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutum 12 a jihohin Texas da Florida da Arizona da suka kamu da cuta bayan an yi musu allurar wani haɗi na jinin cibiya. Dukansu sai da aka kwantar da su, kuma an samu bakteriya a kwalaben da ba a ma buɗe ba. Gaɓa wuri ne rufaffe. In ƙwayar cuta ta shiga gwiwa, cikin 'yan kwanaki tana iya cinye ɗan guringuntsin da ya rage.

Sai batun ko ƙwayoyin su ne abin da aka ce su ne. A 2006 ƙungiyar masana maganin ƙwayoyin halitta ta duniya ta sa sharuɗɗa mafi ƙaranci kafin a kira ƙwaya mesenkaimal: ta manne wa farantin roba, aƙalla kashi 95 cikin 100 su nuna alamomi uku, CD73 da CD90 da CD105, waɗanda ke nuna alamomin ƙwayoyin jini irin CD45 da CD34 kada su wuce kashi 2, sannan a nuna sun iya zama ƙashi da kitse da guringuntsi a faranti. Takardarmu CD90 kawai ta kawo. Ƙwayar fata ta gama-gari ma tana nuna CD90. Kuma babu gwajin hatimin gado da ke tabbatar da cewa duk abin da ke kwalbar daga mutum ɗaya ya fito. Masu bincike sun sha wannan ɗacin tun da daɗewa. Ƙwayoyin sankarar bakin mahaifa da aka ɗauka daga jikin Henrietta Lacks a 1951 sun yi ta kutsawa cikin farantan wasu, har a shekarun 1960 Stanley Gartler ya gano cewa zuriyoyin ƙwayoyi da dama da ake reno a faranti ana yi musu laƙabi dabam-dabam duk nata ne.

Gurbin adadin dashe kuwa a buɗe aka bar shi, babu komai. In ƙwayoyi suka cika faranti ana ɓamɓare su a raba a sababbin farantai, kamar dashen albasa. Kowane dashe riba ne ga kamfani, domin cibiya ɗaya tana iya cika kwalabe masu yawa. Amma ga ƙwayar mesenkaimal kowane dashe tsufa ne: tana faɗaɗa, tana rage hayayyafa, ƙarfinta yana raguwa. Shi ya sa masu aikin kirki ke tsayawa a dashe na farko-farko, kuma su rubuta lambar. Wanda ya bar gurbin a buɗe, ko bai ƙirga ba, ko ya ƙirga bai so a gani ba.

Dogon reno yana da wani haɗari, wato sauyin gado, kuma ya fi tsanani a irin zuriyoyin Yamanaka da na ɗan tayi, waɗanda ba sa daina hayayyafa. An san suna yawan samun ƙari a kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, na 1 da 12 da 17 da 20. A 2017 wasu masu bincike sun duba zuriyoyi 140 na ƙwayoyin ɗan tayi, suka tarar biyar na ɗauke da lahani a TP53, ƙwayar gadon da ke taka wa sankara birki. Labarin da na fi so shi ne na Kobe a Japan. A 2014 tawagar Masayo Takahashi ta dasa wa wata tsohuwa ƙwayoyin ido da aka yi daga fatarta, karo na farko a duniya. An shirya majiyyaci na biyu, aka reno nasa ƙwayoyin da kuɗi mai yawa, sai gwaji ya nuna wasu sauye-sauye a gadonsu. Ba a tabbatar za su cutar ba, amma aka fasa dashen. Mutanen da suka fi kowa sanin abin ke nan. Takardar Kawu ko ƙirgen kuromosom ba ta yi ba.

Layi ɗaya ne aka rubuta da manyan baƙaƙe: masu rai, kashi 95 cikin 100. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe: kafin daskarewa. Ranar gwajin kuma ta haura shekara biyu.

Ranar da muka je

Na roƙi Kawu ya tafi da ni. Ya sa babbar riga, ya ce in kama bakina kada in kunyata shi gaban mutane.

Dole in yi wa likitan adalci. Mutum ne mai ladabi, ya gaishe da Kawu da Hausar da ya tsinta a Zango, lasisinsa na rataye a bango, kuma ban ga alamar yana ganin kansa macuci ba. Ya yarda da kayansa. Na ce, "Likita, ko za mu ga kwalbar?" Ya yi ɗan jim, sannan ya sa ma'aikaciyar jinya ta kai mu ɗakin baya.

Firiza ce irin ta ɗakin gwaji, allonta na nuna digiri 80 ƙasa da sifili. Ta sa safar hannu ta zaro wani ƙaramin akwati mai farin raɓa, ta ɗago kwalba ɗaya wadda ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba. Na goge raɓar da gefen mayafina na karanta lambar rukunin, na duba takardar da ke hannuna. Ba ɗaya ba ne. Haruffan farko sun yi daidai, lambobin ƙarshe sun bambanta. Ma'ana duk gwaje-gwajen da na kwana ina tantancewa, masu kyau da marasa kyau, na wani rukuni ne da ba mu taɓa gani ba.

Na tambayi tun yaushe kwalaben ke cikin firizar. Wata huɗu. Ƙwayoyi masu rai, in za su daɗe, a tukunyar ruwan naitirojin ake ajiye su, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, ko a tururinsa. Sai an sauka ƙasa da wajen 130 komai ke tsayawa cak. A sanyin 80 ƙanƙara na ci gaba da motsi a hankali, ƙwayoyi na mutuwa kaɗan-kaɗan. Ga kuma dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, wanda ba sai an yi wa mutumin Kumasi bayaninsa ba. Sun ce akwai janareta. Na tambayi littafin da ake rubuta sanyin firizar safe da yamma, babu. Na tambayi 'yar na'urar da ake sakawa cikin kaya ta riƙa rubuta sanyinsu tun daga kamfani, a jirgi, a filin jirgin Accra, da tafiyar kilomita kusan 250 zuwa Kumasi. Likitan ya ce dillalin da ke kawo musu ya tabbatar masa kayan ba su taɓa narkewa ba. Ko suna ƙirga masu rai bayan an narka, kafin a tsira wa mutum? Gwaji ne na minti goma da ɗigon shuɗin rini da madubin likita, matattu su sha rini, rayayyu su ƙi. Ba sa yi.

Tambayata ta ƙarshe ta doka ce. Dokar lafiyar jama'a ta 2012, mai lamba 851, ta ɗora wa Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana rajistar magunguna da ba da izinin gwajin magani a jikin mutane. To ko dai kayan na da lambar rajista, ko kuwa gwaji ne da aka amince da shi, mai takardar yarda da kwamitin sa ido. Wanne ne? Ya ce takardun suna kan hanya.

A mota Kawu bai ce uffan ba har muka wuce Asawase. Sannan ya ce, "Shi ma cinikin biri a sama ya yi." Na ce haka na gani, Kawu. Likita ya yarda da dillali, dillali ya yarda da kamfani, ku kuma kun yarda da likita, kuma a duk jerin babu wanda ya fasa goron ya duba.

Tambayar da takarda ba ta amsawa

A ce lambar ta yi daidai, gurabe duka sun cika, sanyi bai taɓa yankewa ba. Wannan yana nuna kwalbar tsabtatacciya ce kuma abin da aka ce yana ciki yana ciki. Bai nuna tana warkar da gwiwa ba. A 2023 an fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka na mutum 480 masu irin ciwon Kawu, aka kwatanta allurar ƙwayoyi iri uku, har da na igiyar cibiya, da allurar sitiroyid da aka saba yi. Bayan wata 12 babu wadda ta fi sitiroyid rage zafi. Sai a Disamban 2024 ne hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin mesenkaimal na farko, shi ma ba na gwiwa ba, na yaran da aka yi wa dashen ɓargo ne jikinsu ya rikice.

Na ambaci dashen ɓargo da gangan, don kada a ce na zubar da abin gaba ɗaya. Shi ne maganin sitem sel da ya daɗe da tabbata, kuma yana iya raba mutum da sikila. Mu a Kumasi sikila ba baƙuwa ba ce, a nan Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai a 1995. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da Casgevy, wani maganin sikila, inda ake ɗebo ƙwayoyin majiyyaci a gyara gadonsu a mayar masa, a kan fiye da dala miliyan biyu a Amurka. Wani sashe na wannan tsada kuɗin irin gwaje-gwajen da takardar Kawu ta tsallake ne.

Yadda aka ƙare

Kawu ya aika babban ɗansa ya ce an fasa. An yi ta kai-kawo kusan wata biyu kafin a mayar da rabin kuɗin, sauran aka ce ya tafi a rajista da hoton ƙashi. Na so in rubuta wa hukuma, ya hana, ya ce ba ya son sunansa a takardar ƙara. Na rubuta duk da haka ba tare da sunansa ba, na haɗa da hoton takardar da na kwalbar.

Abokin nasa da ya turo bidiyon ya yi allurarsa uku. Gwiwarsa ta kumbura kwana biyu bayan ta farko, ta sace, kuma ya ce ya ji sauƙi sosai. Yana faɗa a majalisa, a gaban Kawu, wani lokaci da ɗan gatse. Ba ni da hujjar ƙaryata shi. Ciwon gwiwa na lafawa ya dawo, mutumin da ya zuba kuɗi mai yawa yana son ya ji sauƙi, kuma mai yiwuwa allurar ta rage masa kumburi na wani lokaci. Bayan wata bakwai na gan shi ranar Juma'a da sandarsa.

Kawu ya koma wajen likitan ƙashi. An yi masa allurar sitiroyid ɗaya, aka haɗa shi da masu gashin ƙashi da motsa gaɓa, aka ce ya rage tuwon dare. Ya sauke kilo shida. An yi masa maganar sauya gwiwar da ta ƙarfe, ya ce sai ya dawo daga Makka. Har yanzu a kujera yake sallar farilla, amma nafilar dare yakan lallaɓa ya kai goshi ƙasa raka'a biyu, ya dafa bango ya miƙe.

Ya yi fushi da ni na wasu makonni, in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice. Ranar da na je yi masa barka da sallah na tarar yana lissafi da yaransa, littafin bashin goro a buɗe a cinyarsa. Takardar gwajin nan na ninke a bangon littafin, da zanen jan birona a jikinta. Wani dillali ya zo masa da tayin huhu ashirin daga daji, yana rantsuwa cewa kaya lafiya lau. Kawu ya ce wa yaronsa ya kwance na tsakiya, ba na sama ba, ya kawo wuƙa.